Wutar Hillarsu Sa'idu

Tun da na dawo daga jihar Jazira ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna wurin Hajja Maryam mai shayi, kafin ta zuba sukari wani ya jawo kujera: "To Bello, yaya ka baro Madani? Ka ga abin?" Na ba da labarin a tsaye, na ba da shi a zaune, kowa kuma sai ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi gaba ɗaya in huta. Kuma in gaya muku tun yanzu, da ƙyashi na tafi, da shi na dawo, har ya yi ƙiba a hanya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai waburin hillarmu, ƙauyenmu da ke nan kusa da Abu Na'ama. Wabur shi ne injin da ke ba masallaci da makaranta da ɗakin magani da famfon rijiya wuta. Tun ina saurayi mabuɗin ɗakin injin yake aljihuna. In ana biki ni ake fara gaya wa, in an yi rasuwa ƙofata ake fara bugawa. Ana nan sai 'ya'yanmu da ke aiki a Saudiyya suka haɗa kai suka sayo wa gari sola. Masu kafawa suka ce wannan wutar ba a tashinta da hannu, wata manhaja ce a cikin waya take lura da abin da kowane gini yake sha, ta rage nan ta ƙara can. Wanda ya riƙe wayar shi ya riƙe wutar gari. Lajnar hilla, wato kwamitin gari, ta zauna ta yanke cewa in je in koyo. In na dawo na iya, wayar tawa ce. In ban iya ba, a ba Malama Nafisa mai koyar da lissafi, yarinyar da na ci naman sunanta.

Duk wannan bai dame ni ba kamar wurin da aka ce in je in koyo. Hillarsu Sa'idu, can gefen Madani, babban birnin Jazira, inda irin wannan wutar ta daɗe tana aiki. Sa'idu taubashina ne, ɗan Gwaggo Hauwa. Ni na koya masa riƙe filaya. Ranar da wuta ta fara jan sa, ni na share masa majina. Yau shi ne malamina.

Na shiga hafla, wato motar haya, a Abu Na'ama da farar jallabiyata ta Juma'a, don kada Sa'idu ya ce mutanen kudu sun zo da dauɗa. Aka haɗa ni kujera da wata tsohuwa daga Dindir, za ta kai wa 'yarta mai jego man shanu a cikin gwangwani. Ta ɗora gwangwanin a tsakaninmu, ta ce in taya ta lura da shi. Na lura da shi ƙwarai, har muka wuce Sinja rana ta yi zafi, ya narke ya bi cinyata. Da na nuna mata, ba ta ce mini sannu ba, man ta yi wa kuka. Daga nan har Sinnar ƙudajen motar duk nawa ne.

A kan iyakar Sinnar da Jazira akwai wurin bincike. Ku da kuka saba bin hanyar kun san yadda abin yake: mota cike da mutane, amma wanda aka ji yana Hausa shi ake cewa ya sauko. Ni kuwa a daidai lokacin matata ta kira tana tambayar inda na ajiye mabuɗin rumbu. Ma'aikacin ya leƙo ta taga ya yafuto ni. Ya juya katin shaidata gaba da baya.

"Haifaffen Abu Na'ama. To asalinku ina?"

Na ce, "Kakana yana kwance a maƙabartar hillarmu. Kakansa ne ya taso daga Sakkwato zai je Makka, ƙafarsa ta gaji a nan."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe jakata, ya ci karo da filaya da sukundireba da naɗin salatif. Nan take fuskarsa ta sake. Ashe fankar rumfarsu ce ta mutu. Haka na hau kan benci ina gyaran fanka, direba yana danna oda, fasinjoji suna zagin uwar wanda ya tsayar da su. Fanka ta tashi, aka miƙo mini katina da kofin zoɓo, ba wanda ya sake tambayar asalina. Daga baya na tambayi Sa'idu ko an taɓa sa shi irin wannan aikin a hanya. Ya ce shi ai jakarsa ba filaya.

Mun isa Madani motocin ƙauye sun riga sun tashi, dole na kwana a lokanda, masaukin matafiya, kusa da kasuwa. Gadajen igiya ne jere a tsakar gida, kowa ya tura takalminsa ƙarƙashin matashi. Da safe na ci waken ful da man riɗi da burodi mai zafi, na so in kushe shi ban sami ta inda zan kama ba. Mai raksha, babur mai ƙafa uku, da ya kai ni tasha sunansa Garba, ubansa Bahaushe uwarsa Bahaushiya, amma duk Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Na yi ta yi masa faɗa da Larabci a kan ya yar da harshen iyayensa, shi kuwa yana toshe hanci saboda warin man shanu.

Hillarsu Sa'idu a bakin babbar tur'a take, wato magudanar ruwan gonaki. Ruwa yana wucewa ta ƙofar gida kamar ba kuɗinsa ba, hawashoshi, wato gonakin rani, kore shar har iyakar gani. Mu da muke ɗaga kai sama muna jiran hadari kafin mu shuka riɗi, irin wannan gani ba ya yi wa zuciya daɗi. Su ba sa durƙusa wa manya yadda muke yi, sai dai a dafa kafaɗa a yi ta jero gaisuwa. Yaransu ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Tuwon dawa kuwa sai ranar marmari, kullum kisra ce, wata siririyar wainar dawa, ka ci faifai guda ka tashi kamar ba ka ci ba. Gwaggo Hauwa kaɗai ce ta tsaya a inda na bar ta. Ta rungume ni, ta shinshina, ta ce, "Bello, hala yanzu kiwo kaka yi?"

Sai ga Sa'idu ya fito daga ɗakin baƙi, jallabiya fara fat, farce tas kamar na mai sayar da turare. Ni kuwa baƙin man wabur ya zauna a tafina, ko da toka aka wanke ba ya fita.

"Marhaba da bawana!" in ji shi. "An ce ka taho makaranta. Ka zo da allonka?"

Na ce, "Na zo in ga ko har yanzu kana kuka in wuta ta taɓa ka."

Muka yi dariya muka rungumi juna, amma tawa dariyar iyakarta haƙori.

Bayan azahar muna kishingiɗe a kan gadajen igiya, an kawo jabana, gahawar nan mai citta a ciki, sai ya ciro wayar. Wallahi ban so abin ya burge ni ba, amma ya burge ni. Ga hoton rana da abin da take zubawa, ga batir da abin da ya tara, ga layuka huɗu kowanne da launinsa: ɗakin magani, masallaci, famfo, makaranta. Kowane gini ana ganin abin da yake sha a lokacin, da wanda ya sha jiya, da na makon jiya. Ya nuna mini wani ɗan tsalle a layin ɗakin magani, ya ce ungozoma ce ta buɗe firjin allurai. Can ya tsuke baki.

"Liman ya sake barin fankoki suna yi wa tabarmi fifita."

Ya taɓa gilashin da ɗan yatsa, ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. Shi ke nan, wai ya kashe fankokin masallaci. Ni in liman ya yi mini haka, sai na sa takalmi na ratsa gari cikin rana, in je in tarar ladan ya tafi gona da mabuɗi. Jabanar nan ta yi mini ɗaci a baki.

Ya bayyana mini yadda ya tsara abin. Famfo ba ya tashi sai rana ta take, lokacin da wuta ta yi yawa, ya cika tanki. Makaranta tana samu har a tashi yara. In batir ya yi ƙasa, manhajar da kanta take fara yanke makaranta, sannan famfo, sannan masallaci. Layi ɗaya ne ba ta taɓawa ko me ake ciki, na ɗakin magani, saboda firjin allurai. Ina sauraro ina neman aibu. Na ce in wayar ta faɗa tur'a fa? Ya ce sai ya buɗe a wata. Na ce in hadari ya rufe rana? Ya ce ai don haka aka yi tsarin. Na ce to mutum bai ji ƙarar inji ba, ta yaya zai san yana da wuta? Wannan kam dariya ya yi har ya ƙware.

Koyon ma bai zo mini da sauƙi ba. Babban yatsana ya yi kanta, in na taɓa gilashin sai ya yi kamar ba a taɓa shi ba, in kuma na danna da ƙarfi ya buɗe abin da ban nema ba. Rana guda na kashe wa makaranta wuta ana tsakiyar darasi, shugabar makarantar ta aiko a tambayi ko lafiya. Sa'idu ya ce a gaya mata baƙo ne yake koyon tuƙi. Amma na dage, don duk lokacin da na ji kamar in jefar da wayar sai in tuna Malama Nafisa. A hankali na gane kan layukan, har na fara ganewa da kaina in an bar wani abu a kunne.

Ina shirin komowa gida sai aka yi rasuwa. Malam Tukur, tsohon manomi, wanda kusan duk hillar ta yi aiki a hawasharsa. Aka kai shi da hantsi, aka kafa babbar rumfar makoki a filin da ke gaban ɗakin magani. Baƙi suka yi ta sauka daga Madani da ƙauyukan kewaye. Kun dai san al'adarmu, can da nan duk ɗaya ne: gidan makoki ba a hana shi komai. Maƙwabta su kawo gadaje, su kawo abinci, wanda yake da wuta kuma a ja igiya daga wurinsa ba sai an tambaye shi ba. Samarin gidan suka yi abin da iyayensu suka saba yi. Suka ja igiya daga gini mafi kusa, suka jona fankoki, da na'urorin sanyaya iska, da babban firjin ƙanƙara da aka aro, da butar lantarki ta shayi, da lasifika. Ginin da ya fi kusa kuwa shi ne ɗakin magani.

Ranar akwai gajimare, rana ba ta da ƙarfi. Manhajar ta ga layin da aka ce kada ta taɓa yana shan wuta kamar raƙumi, sai ta yi abin da aka umarce ta. Ta yanke makaranta. Ta yanke famfo. La'asar ta yi, ladan ya hura lasifikar masallaci ya ji shiru, ga ɗaruruwan baƙi suna neman ruwan alwala tanki ya ƙafe. Muna zaune cikin rumfa wayar Sa'idu ta hau kuka a aljihu. Ya duba, na leƙa ta kafaɗarsa, na ga batir yana gangarowa.

Ya tashi tsaye. Ya bi igiyar nan har barandar ɗakin magani, ya fizge ta. Fankoki suka tsaya. Mai karatu a lasifika ya ji muryarsa ta koma tasa. Kowa ya waiwaya, ga Sa'idu tsaye da kan igiya a hannu.

Babikir, babban ɗan mamacin, ya taso idonsa jawur.

"Sa'idu! A gaban baƙina? Ubana ko kwana bai yi cikin kabari ba kac cire mai wuta?"

"Allah shi jiƙan Baba Tukur," in ji Sa'idu. "Malesh, ka yi haƙuri, ya Babikir. Amma igiyar ga ba ta komawa nan."

"Kai wa, da za ka hana gidan makoki?"

Sa'idu ya miƙa masa wayar. "Duba da idonka. Wanga layi na firjin allurai ne. In munka kai magariba haka, alluran yaran hillar ga duka sun lalace. Ka ba ni lokaci kaɗan in jona maka fankoki daga makaranta. Ƙanƙara da sauran kam, ba hali, sai dai a kawo randuna."

Babikir bai karɓi wayar ba. Ya tofar da yawu gefe ya juya. Tsofaffi suna ta girgiza kai, na ji wani yana cewa yaran zamani ba su san mutuwa ba.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, zuciyata fari ƙal. Na ce yawwa, ga ranar da nake jira. Ina taya shi jan igiya zuwa makaranta ina yi masa jaje da baki, a ciki kuwa ina lissafin yadda zan ba ku labari a wurin Hajja Maryam. A sanina, wanda ya kunyata gidan makoki a gaban baƙi ya gama cin abinci da mutane a garin nan. Fankoki suka dawo, famfo ya tashi, mata suka jero randuna a bakin rumfa, amma har muka tashi ba wanda ya dubi inda Sa'idu yake.

Washegari da hantsi aka fito da manyan farantan karin kumallo. Na so mu zauna can baya, Sa'idu ya ce a'a, ya nufi tsakiyar rumfa. Sai ga Babikir ya miƙe. Na gyara tsayuwa don in ga ƙarshen abin da kyau. Ya zo ya dafa kafaɗar Sa'idu, ya daɗe bai ɗauke hannu ba, sannan ya ja shi ya zaunar kusa da shi, ya tura masa tsokar da ta fi kowacce girma. Ashe ungozoma ta shiga wurin mata ta faɗi abin da ke cikin firjin, da yaran da ke jiran allura a makon, cikinsu har da jaririyar Babikir. Bayan azahar liman ya sanar cewa daga yau an ware wurin jona wuta a bangon makaranta don biki da makoki, kada wanda ya sake kusantar ɗakin magani da igiya. Jama'a suka ce madalla da Sa'idu.

Gwaggo ta aiko mini da tuwon dawa miyar kuka, na musamman don ni. Na kasa ci. Da ta ga kwanon ta ce, "Kai Bello, mi ya tsaya maka a wuya?" Ban gaya mata ba. Wayar ce na yi wa ƙyashi da farko, da farcensa, da ruwan tur'arsu. Yanzu duk sun zama ƙanana. Mutumin nan ya dubi gidan makoki ya ce a'a, kuma aka tura masa nama.

Da zan taho ya sa mini manhajar a tsohuwar wayata, yadda zan iya kallon wutar hillarsu amma ba zan iya taɓa komai ba. Ya ce wai don kada in kashe musu masallaci daga Abu Na'ama.

Sauran kun sani, don wasunku suna wurin. Lajna ta zauna a inuwar masallaci, Shehun hilla, mai garinmu, a tsakiya, Malama Nafisa can gefe da mayafinta. Na ciro waya na nuna musu hillarsu Sa'idu tana numfashi a tafin hannuna. Na ce ga famfonsu ya tashi yanzu, ga makaranta an tashi, ga abin da za a yanke in batir ya yi ƙasa. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tsofaffi suna ta salati. Shehu ya yi murmushi ya gyara rawani.

"Alhamdu lillahi, abu ya tsaya hannun Bello. Bello namu ne, bai taɓa hana kowa ba. Ga bikin ɗana nan tahe bayan an yanke riɗi, ɗakin magani kuwa shi ad dab da gidana. Sai ka ja muna igiya daga nan, yadda munka saba."

Aka yi dariya, ana cewa Allah ya kai mu. Da na ce amin, da yanzu wayar tana aljihuna. Amma sai na ga Sa'idu tsaye da igiya a hannu, na ga naman nan ana tura masa. Na ce a raina, abin da yaron da na share wa majina ya iya, ni ma na iya.

Na ce, "Allah shi daɗe da ran Shehu, daga makaranta za a ja. Ɗakin magani kam ba a taɓa shi, ko bikin wa ake."

Ba wanda ya tofar da yawu, ba wanda ya ɗaga murya. Shehu ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "To, madalla. Mu yi shawara." Ranar Juma'a aka sanar an ba Malama Nafisa wayar, wai yarinya ce mai ladabi, tana jin maganar manya. Ni kuma aka yi mini godiya a kan hidimar shekaru, aka karɓi mabuɗin ɗakin inji.

Na jira a zo a dafa mini kafaɗa. Har yau ina jira.

Wanda ya zo, bayan an kafa sola, Malama Nafisa ce. Ta yi sallama da sassafe, ta durƙusa a ƙofar gida, wayar tana hannunta a naɗe cikin mayafi, idonta duk ya faɗa.

"Baba Bello, Shehu ya aiko. Ya ce ranar biki in bari a ja igiya daga ɗakin magani. Na duba lissahin, firjin ba shi kai safe. Ni kuwa ba ni iya duban Shehu in ce mai a'a. Mi zan yi?"

Na dubi wayar, sabuwa fil, ko ƙwarzane babu. Na so in ce ai ke aka ba, ki san yadda za ki yi. Har maganar ta zo bakina.

Na ce, "Ki ce masa Bello ne ya kulle layin tun kafin a ba ki, kuma ya ƙi faɗin yadda ake buɗewa."

Haka ta faɗa masa. An yi biki da wutar makaranta, firji bai ɗumama ba, kowa yana yaba hankalin Malama Nafisa. Ni ba a gayyace ni ba. In na gai da Shehu a hanya, da haɓa yake amsawa. Jiya na buɗe tsohuwar wayata ina kallon famfon hillarsu Sa'idu yana cika tanki, sai ga kiransa ya shigo, yana tambaya ko an ba bawansa wayar. Na ce masa ba na jin sa sosai, layin ba kyau.